Ƙwayar Barci da Tafiyar Mai Takaba

Tun daga daren da aka kai mijinta makwancinsa, Hajiya ba ta ƙara samun barcin kirki ba. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana dama koko a Madina, a bakin wata hanya da ke gangarawa zuwa Zongo Junction, kuma duk tsawon shekarun nan jikinta ya san lokutansa. Takan kwanta bayan isha'i, ta tashi ƙarfe uku na dare ta hura wuta, kafin a kira assalatu koko ya dahu, ƙosai yana cikin mai. Da ta shiga takaba sai aka jingine tebur, aka kifa tukwane. Rana ta zama ta zaman tabarma da karɓar gaisuwa, dare kuma ya zama na juye-juye a kan katifar da ta yi mata faɗi. Takan ji motar ƙarshe ta wuce a kan babbar hanyar da ta tashi daga Tetteh Quarshie ta nufi Adenta da Aburi, ta kuma ji ta farko da asuba, ba ta runtsa ba.

'Yarta ta biyu, wadda ke ɗinki a cikin kasuwar Madina, ita ce ta dawo gidan don ta taya ta zama. Ita ce ta ga idanun uwar sun faɗa, ta ga hannunta yana rawa in ta ɗauki kofi. Ita ce kuma ta kira yayanta da ke Bronx, a birnin New York, inda 'yan Nima da Maamobi da Madina da yawa suke neman abinci, ta ce masa, "Yaya, Mma ba ta barci. In aka ci gaba a haka, za mu yi rashi biyu a shekara ɗaya." Shi kuwa direba ne mai aikin dare, kuma likitansa ya taɓa rubuta masa wata ƙwaya don ya riƙa samun barci da rana. Ya ce tana aiki kamar yankan wuƙa. Da wani ɗan unguwa zai zo gida don addu'ar arba'in, sai ya ba shi kwalbar ya kawo. A jikin kwalbar akwai sunan ɗan, akwai sunan maganin, zolpidem, da lamba 10. Babu wanda ya tsaya karanta sauran rubutun.

Daren farko Hajiya ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, kafin 'yar ta gama wanke kwanuka barci ya kwashe ta. Da safe ta tashi tana sa wa ɗanta albarka. Haka aka yi dare na biyu da na uku. Sai a rana ta shida 'yar ta fito da asuba ta tarar da kurfoti a tsakar gida da toka mai ɗumi a ciki, ga ƙullin gero an tace rabinsa an bari a buɗe. Ta tambayi uwar, uwar ta ce ba ta san zancen ba. Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya, don haka suka ɗora abin a kan yaran maƙwabta. Bayan kwana biyu aka ga ƙuna a bayan hannun Hajiya, ta kumbura ta ɗuri ruwa. Ta dubi hannun ta ce, "'Yar nan, wallahi ban san inda na samo wannan ba."

Akwai wani abu a Hausar zango wanda ya jinkirta fahimtar 'yar. Hausar Gana, wadda masana ke kira Gananci, ta yi watsi da yawancin bambancin namiji da mace wanda Hausar Kano ko ta Sakkwato ke kiyayewa. A Madina ana iya cewa "ya tafi" ko da wadda ta tafi mace ce. Saboda haka da 'yar ta fara jin raɗe-raɗi a wajen famfo, ana cewa "ya fita jiya ma, ya buɗe ƙofa da tsakar dare," sai ta ɗauka wani magidanci ake gulma. Kwana uku tana jin zancen, har tana murmushi, kafin ta lura cewa mata suna yin shiru duk lokacin da ta iso da bokiti.

Gaskiyar ta bayyana a dare na goma sha huɗu. Wajen ƙarfe ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani yaron trotro ne, ɗan unguwa, yana riƙe da hannun Hajiya. Ya ce ya gan ta tsaye a daidai inda take kafa teburinta, ba takalmi, ba mayafi, idanunta a buɗe, tana kallon hanya. Ya gaishe ta ba ta amsa ba. Da ta ɗaga ƙafa za ta nufi kwalta sai ya kama hannunta, ta kuwa biyo shi kamar ƙaramar yarinya. Duk wanda ya san wannan hanya ya san abin da ya hana. A watan Nuwamba na 2018 mutanen Adenta da Madina suka tare ta suka ƙona tayoyi, bayan mota ta kashe wata ɗaliba, saboda gadojin masu tafiya a ƙasa da aka fara ba a gama ba. Hanya ce da mai ido biyu ma yake tsallakawa da addu'a. Da safe Hajiya ba ta tuna kome ba. Ƙurar da ke tafin ƙafarta ce kawai shaidar da ta iya gani da idonta.

Hausa tana da wadatar kalmomi a kan barci. Akwai gyangyaɗi, na wanda barci ke fizga yana zaune. Akwai minshari, akwai mafarki, akwai makara ga wanda rana ta riga shi tashi. Akwai magagi, halin wanda aka tasa bai gama farkawa ba, yana magana ba kai ba gindi. Akwai dannau, wanda ke danne mai barci har ya kasa motsi ko ihu. Abin lura shi ne yadda harshen yake ba barci matsayin mai aikatawa: barci ya ɗauke shi, barci ya sace ta, barci ya kwashe su. Mutum shi ne abin da aka ɗauka. Har ana cewa barci ɓarawo ne, ana kuma kiransa ƙanin mutuwa. Amma ga wanda zai tashi ya buɗe ƙofa ya fita alhali barcin bai sake shi ba, babu wata kalma guda da ta zama ruwan dare a bakin jama'a. Sai dai a yi bayani a ce tafiya cikin barci. Inda kuwa abu ba shi da sunan da aka saba da shi, mutane sukan ara masa sunan da ya fi kusa da tsoronsu. A gidan su Hajiya sunaye biyu aka aro: iska da maita.

Da a ce iska aka tsaya a kai, da abin ya zo da sauƙi, domin mai iska abin tausayi ne, ana kai shi wurin ruƙiyya. Amma a makon nan ɗan wata maƙwabciya ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, kuma wasu suka haɗa biyu da biyu. Tsohuwa, mijinta bai daɗe da mutuwa ba, tana fita da tsakar dare ba mayafi, ta dawo ta ce ba ta sani ba. A camfin da aka gada, maye da dare yake kama kurwa, kuma ana cewa maita a nono ake shan ta. Wato zargin bai tsaya a kan uwar ba, ya haɗa da 'yar da jikoki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Gana. A arewacin ƙasar har yanzu akwai matsugunan matan da aka kora da sunan maita, irin na Gambaga. A watan Yuli na 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba, kusa da Salaga, jama'a suna kallo, wasu suna ɗauka da waya. A 2023 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin da zai hukunta masu jefa wa mutane wannan zargi, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Madina birni ce, ba wanda ya ɗaga wa Hajiya sanda. Sai dai yaran da suka saba shiga ɗakinta su karɓi alewa sun daina zuwa, kuma baki shi ke yanka wuya.

Abin da ya fi cin ran Hajiya ma ba maganar maƙwabta ba ne. Mai takaba tana zama wata huɗu da kwana goma, kuma a gidan mijinta take kwana. Ita kuwa ga shi an ce an gan ta a titi, kanta a buɗe. Ta ce wa 'yarta, "Shekara arba'in ban taɓa fita bai sani ba. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ne zan ci amanarsa?" Daga nan ta yi shiru, sannan ta yi tambayar da ta sa 'yar kuka: "Ko dai gaskiya suke faɗa? Mutum zai iya zama abin nan bai sani ba?"

Aka kira malamin unguwa, dattijon da ya yi wa mijin salla. Ya yi addu'a, ya ba da rubutu, sannan ya zauna ya saurari labarin daga farko. Game da takaba ya ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Shari'a ba ta kama mai barci da abin da ya yi har sai ya farka. Takabarki tana nan daram." Sai ya juya ga 'yar ya tambaye ta ko uwar ta taɓa yin haka a da, ko da ƙuruciya. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Ya ce to me ya sabunta a gidan nan ban da mutuwa? Ta yi tunani, ta tashi ta ɗauko kwalbar. Malam ya jujjuya ta a hannunsa ya ce, "'Yata, wannan ba fannina ba ne. Ki kai wa masu shi gobe da safe, ke da ita."

Likitar da suka gani a asibiti mace ce, kuma da ta karanta sunan maganin ba ta yi mamaki ba. Abin da ta bayyana musu sananne ne a fagen likitanci. Barci hawa-hawa ne. A sulusin farko na dare mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, kuma a wannan hawa ne tafiya cikin barci take faruwa. Wani sashe na ƙwaƙwalwa, mai kula da motsi da ayyukan da jiki ya saba, yakan farka, alhali sashen da ke kula da hankali da ajiye tunani yana kwance. Shi ya sa mai wannan hali idonsa a buɗe yake, yana iya zare sakata ya sauka matakala, amma fuskarsa ba ta nuna ya san kowa, kuma da safe ba ya tuna kome. An fi ganin abin ga yara, yawancinsu kuma suna daina shi in sun girma. In ya fara wa babba rana tsaka, abu na farko da ake bincika shi ne abin da yake sha.

Zolpidem, wanda ake sayarwa da suna Ambien a Amurka da Stilnox a wasu ƙasashe, yana ƙarfafa aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda aikinsa shi ne lafar da jijiyoyi. Yana kawo barci da sauri, yana kuma iya hana ƙwaƙwalwa rubuta abin da ya faru bayan an sha shi. An amince da shi a Amurka a 1992, kuma cikin shekarun da suka biyo baya rahotanni suka yi ta taruwa na mutanen da suka dafa abinci, suka ci, suka yi waya, har suka tuƙa mota suna barci. A watan Mayu na 2006 ɗan majalisar wakilan Amurka, Patrick Kennedy, ya daki shinge da motarsa kusa da ginin majalisa da tsakar dare, ya kuma ce ya sha Ambien da wani maganin, bai tuna tashinsa daga gado ba. A 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a ƙara gargaɗi a kan irin waɗannan magunguna. A 2013 ta rage adadin da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, domin jikin mace ya fi jinkirin fitar da maganin. Tsofaffi ma 5 ake fara ba su. A watan Afrilu na 2019 hukumar ta ɗora gargaɗinta mafi tsanani a kan zolpidem da 'yan'uwansa biyu, eszopiclone da zaleplon, bayan ta duba rahotanni 66 na mummunan rauni ko mutuwa, 20 daga ciki na mutuwa ne: faɗuwa, nutsewa a ruwa, haɗarin mota da makamantansu. Ta kuma ce duk wanda abin ya taɓa faruwa da shi, kada a sake ba shi maganin. Yana iya faruwa ko da a ƙwayar farko, ko da a ƙaramin adadi, kuma haɗarin yana ƙaruwa in an haɗa da giya ko wani abu mai sa maye ko barci.

Hajiya mace ce, ta haura sittin, ba ta da jiki, kuma ana ba ta ninkin abin da ya dace da ita daga kwalbar da aka rubuta wa ƙato mai shekara arba'in. Da ƙwayar ta kwantar da hankalinta, sai jikin ya koma ga abin da ya sani na shekara talatin: ya tashi, ya hura wuta, ya tace gero, ya nufi inda tebur yake.

Likitar ba ta yi wa 'yar faɗa ba, amma ta gaya mata gaskiya. Ta ce maganin barci ba goro ba ne da za a miƙa wa ɗan'uwa. Ta ce abin da ya fi damunta a unguwanni irin nasu shi ne sauƙin da ake samun diazepam da tramadol a hannun waɗanda ba su da izinin sayar da su, har mutum ya haɗa biyu ko uku a dare ɗaya. Ta karɓi kwalbar, ta hana a sake ba Hajiya ko rabin ƙwaya, ta kuma ja kunnensu cewa wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan magunguna, musamman diazepam, ba ya yanke su kai tsaye sai da shawarar likita, don yankewar ma tana da nata haɗarin. Ta ce a kulle ƙofar waje a cire makulli, a ɗauke ashana da wuƙa, in kuma aka ga ta tashi a kama hannunta a hankali a mayar da ita shimfiɗa, ban da ihu ko girgiza. Game da rashin barcin kansa ta ce baƙin ciki ne, kuma ƙwaya ba ta maganin baƙin ciki. A rage barcin rana, a bar shayi da goro bayan la'asar, a riƙa tashi a lokaci guda kullum, a samu mai hira da ita. In abin ya ƙi, akwai masu ba da shawara a asibitin Pantang, nan kusa da su. Da jin sunan Pantang Hajiya ta ɗaure fuska, domin a bakin mutane wurin mahaukata ne, likitar kuwa ta yi dariya ta ce masu lafiyar hankali da yawa suna zuwa can don su ci gaba da zama da hankalinsu.

Saura aiki mafi wuya, wanda ba likita ba malam da zai yi mata. Ranar Juma'a da yamma, lokacin da matan gidan suka taru a wajen famfo, 'yar ta fito da takardar asibiti a hannunta. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Iyayena, na zo in faɗa muku abin da ya sami Mma. Laifin nawa ne. Ni na riƙa ba ta magani da hannuna, ban san abin da yake yi ba." Ta bayyana musu yadda likita ta bayyana mata, gwargwadon abin da ta riƙe. Wata ta ce ai ta taɓa jin irin haka ga wani a Nima. Wata ta ce zato zunubi ne, Allah ya yafe mana. Uwar yaron da ya yi zazzaɓi, wanda gwaji ya nuna cizon sauro ne kuma ya riga ya warke, ba ta ce uffan ba. Ta cika bokitinta ta shige ɗaki.

Da dare 'yar ta kira yayanta. Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce akwai wata safiya da ya farka ya tarar da tukunyar shinkafa a kan murhu ta ƙone ƙurmus, ya yi ta zargin abokin zamansa har suka yi kwana biyu ba sa gaisawa. Ta ce masa, "Yaya, kai ma ka koma wurin likitanka, kuma ka gaya masa wannan. Kai mota kake tuƙawa."

Hajiya ba ta ƙara tafiya cikin barci ba. Barcin kuma bai dawo da wuri ba. Makon farko bayan an ɗauke ƙwayar ya fi na da tsanani, har ta roƙi a nemo mata ko guda ɗaya, 'yar ta ƙi. Sukan zauna tare a bakin ƙofa har dare ya raba, uwar tana jan carbi, tana ba da labarin yadda iyayenta suka zo Madina tana goye, 'yan shekaru bayan kafa garin a 1959, lokacin duk wurin daji ne da ciyawa. A hankali awa biyu ta zama uku, uku ta zama biyar.

Ranar da ta fita takaba aka yi addu'a aka raba waina. Bayan kwana uku ta tashi ƙarfe uku na dare, ido biyu, ta hura kurfoti. Tabon ƙunar yana nan a bayan hannunta. Yaron trotro ne ya fara zuwa da kofinsa, ta cika masa ta ƙi karɓar kuɗi. Yawancin masu sayenta sun dawo. Maƙwabciyar nan kuwa har yau a wani tebur take sayen koko, can gaba da masallaci, ko da yake in sun haɗu a famfo tana gaishe ta. Makullin ƙofar waje kuma har yanzu a ƙarƙashin matashin 'yar yake kwana.